Mai Akuya da Wayar Tangaraho

A tashar jirgin Ringim, wani dattijo riƙe da akuya ya tsuguna kusa da mai gyaran wayar tangaraho.

"Samari, me kake zanawa a ƙasa?"

"Lissafi, Baba. In na raba ƙarfin batir da wutar da ke bin waya, sai in san tirjiyarta. Yau kuwa wutar ta ɗauke ɗungurungum, tun safe Bature ke zagina."

"Me ke kawo tirjiyar?"

"Tsawo. Doguwar waya ta fi gajiyar da wuta."

"In an rage tsawon fa?"

"Sai wuta ta ƙaru."

"Alhamdulillahi! Ashe taimakonku na yi."

"Wane taimako, Baba?"

"Babu komai. Kai, daina kallon wuyan akuyata! Kamu biyu kacal na yanka."