Lallaɓawa Ce Ta Toshe Motar

A garejin MOT na unguwar Rusholme, inda ake gwajin lafiyar motoci, na ji wani direban tasi yana tambayar wani dattijo.

"Baba, tsohuwar ƙatuwar motar nan taka ce?"

"Eh. Ta sake faɗuwa gwajin hayaƙi. In ba ta ci na gaba ba, yarana za su kai ta scrap, wurin masu farfasa tsofaffin motoci."

"Gudu nawa kake yi?"

"Ba na wuce talatin, lallaɓa ta nake."

"Ai lallaɓawar ce ta toshe ta! Hau babbar hanyar motorway zuwa Birmingham, ka taka ta sosai, dattin da ke cikinta ya ƙone."

"Matata Hajiya fa? Ina kai arba'in take fara salati."

"Bar ta a gida mana."

"Yaro, ban taɓa tafiya ba ita ba. Sai dai ta yi salatin har Birmingham."