Aurena da Dokar Gwamna

Mai gabatarwa, barka da aiki. Ni malamar firamare ce a Kagoro.

Lokacin korona, ana gab da aurena, gwamna ya hana taro. Kawuna ya tubure: "Gwamna ba shi da iko da coci!"

Fasto ya ce, "Baba, idan annoba ta shigo, doka ta ba shi iko. In ka tara jama'a, ni za a kama."

Haka aka ɗaura auren, daga mu sai iyaye. Shinkafar biki kuwa, a babur aka raba ta gida-gida, har tsofaffin da ba sa iya fita suka ci.

Yanzu kawu ya dage sai an rama masa rawar da bai taka ba. Jama'a, mai 'ya'ya biyu irina tana sake biki? Ina gaida 'yan zumuntar mata na cocinmu.