Kwanon da aka ware wa maigidana

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Hadiza, daga Zongo nan Wagadugu, kuma raina a ɓace nake wannan rubutu.

Maigidana yana sayar da atamfa a kasuwar Sankaryaaré. Bara tarin tibi ya kwantar da shi, ya rame har wando ba ya zama masa a ƙugu. Wata shida ina goya shi a moto, wato babur, zuwa asibiti, bai taɓa tsallake magani ba. Daga ƙarshe likita ya gwada shi, ya ce, "Ka warke sarai, ci abinci da kowa."

Ranar Asabar aka yi suna a gidan maƙwabcinmu, maigidana ya sa babbar riga ya tafi da murnarsa. Da aka kawo shinkafa ya wanke hannu, sai maƙwabcin ya janye tiren, ya miƙa masa ɗan kwano a gefe, ya ce, "Alhaji, ga naka, ka san halin da ake ciki." A gaban jama'a! Mutumin da suka shekara ashirin suna ci tare! Haka maigidana ya taso ya dawo gida.

Tun ranar ko kasuwa ya ƙi fita. Duk jinyar nan ban ga hawayensa ba sai ranar.

Masu sauraro, ku ba ni shawara: in je in zazzage wa mutumin nan, ko in kai maganar wurin liman? Wallahi haƙurina ya kusa ƙarewa.

Ina gaida Maman Rasmata mai koko, ita kaɗai ce ba ta taɓa ƙyamar shiga gidanmu ba.