Almakashin Gidanmu

A tasha, muna jiran mota ta cika, wata tsohuwa mai ɗinki ta datse zare da almakashi. Mutumin da ke gefenta ya juyo.

"Inna, sake in ji."

Ta sake, a iska.

"Na gidanmu ne. Kakana ya kafa masana'antar da ta ƙera shi, kuma almakashi ba ya fita sai an kara shi a kunne an saurara. Wannan babana ya ɗaure ƙusarsa. Nasa ne ke jan kuka haka."

"Shekara talatin yana ciyar da ni. Baban naka yana nan?"

"Ya rasu. Ni kuma na sayar da wurin. Inna, ki sayar mini da shi."

"Ba kowa ke sayarwa ba, ɗana. Matso kusa dai."

Ya lumshe ido, tana ta yanka masa iska har mota ta cika.