Na Kira Habu Ɓarawo, Alhali Ni Na Sa Abin a Waya

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki, ya iyali? Nasiru ne daga Gubuchi. Kunya ce ta sa na rubuto.

Kawuna ba ya karatu, ni nake duba masa waya. Abokina ya turo min wata manhaja, wai tana nuna saƙon da aka goge, na sa wa Kawu don in burge shi. Ta nemi izinin karanta saƙonni, na yi ta danna "na yarda". Sai ta ɓuya, waya ta riƙa zafi, data na ƙarewa. Ashe lambobin sirri take kwashewa tana aika wa ɓarayi. Suka ƙwace asusun hirarsa, suna roƙon abokan cinikinsa na rake kuɗi da sunansa.

Ni kuwa da wannan bakin nawa, na tafi rumfar Habu mai caji, inda Kawu yake kai wayarsa, na ce, "Kai ɓarawo, kai ka buɗe wayar dattijo!" A gaban jama'a fa. Mutane suka kwashe wayoyinsu daga wurinsa.

Da muka kai wayar wurin mai gyara a Makarfi, ya gano manhajar ce. Ya kashe data, ya janye izinin, ya cire manhajar, ya wanke wayar tas, muka canza lambobin sirri ta wata wayar. Ya ce, "Wa ya sa wannan?" Na sunkuyar da kai.

Jama'ar Gubuchi, Habu bai taɓa komai ba, ni ne. Don Allah ku mayar masa da cajinku. Mai gabatarwa, da wane ido zan tunkare shi? Har yau ta bayan masallaci nake zagayawa don kar in bi ta rumfarsa.