Mushe Lamine da Ruwan Unguwar Gangare

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe wakilin perfe, shugaban gundumarmu, ranka ya daɗe hakimi, Allah gafarta limamanmu, malaman makarantun lise na Tasawa da na Mayahi, iyalin mamaci, Inna Asiya da ƴaƴanta Haisam da Safa, jama'ar Gangare, sannunmu da haƙuri.

Sunana Habsatu Salifu, ina koyar da lissafi a Mayahi. An ce in yi magana a madadin ɗaliban Malam Lamine Mas'udu, wanda muke kira Mushe Lamine kamar yadda ake kiran malamai a makarantar boko. Tun da muka zauna idona yana kan hadarin can na gabas, na kuma san ba ni kaɗai ba ce.

Ya kasance malamin da muke tsoron darasinsa. Shekarar da za mu yi bak, jarrabawar gama lise, ya rubuta mana entegral, wato lissafin tara jimilla, a allo, iyakarta tana tafiya da x. An ba mu jimillar abin da ya taru, amma abin da ke taruwar, wato f, ba a san shi ba. Wata a ajin har ta fara kuka. Ya ce, "Ƴaƴana, kada ku bi f da gudu. Ku matsa iyakar kaɗan, ku ga nawa jimillar ta ƙaru. Wannan shi ne deribe, ku yi shi, f za ta fito da kanta. In iyakokin biyu ke motsi, ku lissafa da saurin kowace." Mun haddace don jarrabawa kawai.

Bana na zo gida hutu. Kun tuna ranar. An yi ruwa da safe, ya ɗauke, rana ta fito, mata suka shanya kaya. Na iske Mushe a bakin tafki yana kafa kara, yana yi masa alama. Ya sa ni na riƙe agogo. Da muka auna sau da yawa, ya ce, "Habsatu, me kika gani?"

Na ce, "Mushe, tafkin yana ƙara faɗi, amma hawan ruwan bai ragu ba. Ƙaruwa ma yake."

Ya ce, "Sama kuwa ta ɗauke. Ke nan abin da ke shigowa daga kwarin arewa yake zuwa, kuma babbansa bai iso ba."

Wallahi tsoro ya kama ni, na kuwa faɗa masa. Ya ce, "Ki ji tsoro kina tafiya. Bi layin masallaci, ni zan bi na ƙasa."

Ya kasance mutum mai kunya, wanda ba ya ɗaga murya. Ranar ya yi ta bugun ƙofofi yana ihu. Baba Sabi'u, ga ka nan zaune, kai ka ce masa, "Lamine, da rana tsaka haka?" Ya durƙusa maka a cikin laka har ka yarda ka hau amalanke. Kafin la'asar ruwa ya shigo, mun tsaya kan tudu muna jin katangu suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ba mu rasa rai ko ɗaya ba. Shi kuwa ya wuni cikin ruwa har ƙirji yana fitar da tsofaffi. Sanyin ya kama huhunsa, aka kai shi Maraɗi, gawarsa ce ta dawo mana.

Inna Asiya, mun san da kuka kika roƙe shi ya fito. Ki yafe mana, saboda mu ya tsaya. Haisam, Safa, duk gidan da kuka shiga a Gangare gidanku ne.

Ranka ya daɗe wakilin perfe, ba zan ɓoye ba, tsoro muke ji. Damina ba ta ƙare ba, tafki cike yake, muna kwana a azuzuwa, yaranmu suna firgita da kowace tsawa. Muna roƙo a buɗe wa ruwan nan hanya kafin ya sake zuwa. Ku kuma ɗalibansa, gobe da safe ku same ni bakin tafki, kowa da karansa.

Mun gode wa duk wanda ya taka ya zo. Allah ya jiƙan Mushe Lamine, ya yalwata masa kabarinsa, ya ba iyalinsa dangana. Ya Allah, wannan hadari da ke kanmu, ka saukar mana da shi da sauƙi. Amin.