Injin saƙa na cinye mini kunne

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Sunana Sale, ina aiki a wata masaƙa a Bompai.

Na daɗe a gaban inji ɗaya, ba gaba ba baya. Ni kuwa gyaran rediyo raina ke so, har wani mai gyara a Fagge ya ce in zo ya koya mini sosai.

To amma Kawu Inuwa ne ya yi ta sintiri wajen foman har aka ɗauke ni. Da na gaya masa ina son barin aikin, sai ya ce, "Sale, a ƙauye ana cewa ɗanmu ma'aikacin kamfani ne. Yanzu me zan ce musu?"

Ga shi ƙarar inji ta fara taɓa mini kunne. Ran Juma'a na gyara rediyon maƙwabcina, na miƙa masa, ya ce, "Ba ka ji tana shuu ba?" Wallahi ban ji ba.

In kunyata Kawu ne, ko in zauna kunnen ya ƙarasa? Kaina ya ɗaure. Ina gaida 'yan sashenmu. Don Allah Malam, in za ku ba ni amsa, ku ɗaga murya.